Hanyar ƙurar da ta zama kasuwa: masu keke a tuddan inabi na Italiya

Duk wanda ya taɓa bin motar kaya zuwa kasuwar ƙauye ya san abin da hanyar da babu kwalta take yi wa mutum: ƙura da rani, taɓo da damina, ga gargada mai fasa ƙwai da tulu. Saboda haka idan aka ce maka akwai inda wasu suka tashi tsaye don kada a shimfiɗa wa hanyarsu kwalta, sai ka ɗauka almara ce. Amma haka ta faru a yankin Toskana da ke tsakiyar ƙasar Italiya, kuma a yau ƙurar nan tana cikin abin da ke ciyar da masu masauki da masu abinci da masu gyaran keke na wurin.

Ƙasar hawa da gangara

Tsakanin biranen Florence da Siena akwai tuddan Chianti, inda duk gefen da ka duba garakan inabi ne da itatuwan zaitun. Mafi yawan inabin ba cin sa ake yi ba, giya ake yi da shi ana kai wa ƙasashen waje. Kudu da Siena kuma sai ƙasa ta buɗe, tuddan yumɓu suna gangarowa zuwa kwarin kogunan Arbia da Ombrone da Orcia. Ƙananan hanyoyin da suka haɗa gonakin an yi su ne da farar tsakuwa, shi ya sa mutanen wurin suke kiran su "strade bianche", wato fararen hanyoyi.

A da, manoman yankin noman raba-daidai suke yi: talaka ya noma gonar mai ƙasa, in kaka ta yi a raba amfani biyu. A shekarun 1950 da 1960 ɗimbin su suka watsar da gonaki suka tafi birane aikin masana'antu, gidaje da yawa suka zama kango. Ga waɗanda suka rage, farar hanya alama ce ta talauci, kuma sannu a hankali kwalta ta yi ta cinye ta.

Mutum 92 da tsofaffin kekuna

A shekarar 1997 wani ɗan garin Gaiole mai suna Giancarlo Brocci ya shirya wani hawan keke da aka raɗa wa suna L'Eroica, wato ta jarumai. Manufarsa biyu ce: tunawa da wahalar ƴan tseren keke na da, da kuma ceton fararen hanyoyin da suka rage. Mutum 92 ne kawai suka fito a karon farko. Yanzu kuwa a farkon watan Oktoba na kowace shekara fiye da mutum 7,000 daga ƙasashe daban-daban suke cika wannan gari, wanda mazaunansa ba su kai 3,000 ba.

Sharaɗin shiga shi ne abin mamaki. Ba a son sabon keke na zamani. Dole ya kasance ƙirar 1987 ko kafin nan, ko kuma wanda aka ƙera bisa tsohon fasali: abin canza gudu a jikin ƙarfen keken, wayoyin birki a fili, feda mai maɗaurin ƙafa. Mahayan kuma sukan sa rigunan ulu irin na kakanninsu.

To, nan ne ɗan kasuwa zai buɗe ido. Keken da aka jefa bayan ɗaki ana jiran mai sayen tsohon ƙarfe sai ga shi ya yi daraja. A kwanakin taron titunan Gaiole sukan cika da rumfunan masu sayar da tsohon sirdi da sarƙa da feda da fitila da riguna. Haka ma abinci. A wuraren hutawa ana ba mahaya wata miya mai suna "ribollita", wadda ake yi da wake da kabeji da burodin da ya kwana, kuma ma'anar sunan ita ce wadda aka sake tafasawa. Ɗumamen talakawan da ne, yau baƙo yake tasowa daga Japan ko Amurka ya sha yana santi. Hausawa sun yi gaskiya, da tsohuwar zuma ake magani.

Yadda hanyar take

Mafi gajarta daga cikin hanyoyin taron kilomita 46 ce, mafi tsawo kuma 209, da hawan da in aka tara shi ya haura mita 3,000. Masu doguwar sukan tashi tun da duhun asuba da fitilu, su hau tudun tsohuwar fadar Brolio, su wuce ta gefen Siena, su nufi kudu har Montalcino, garin da ke bisa tsauni kewaye da garakan inabi. Daga can sai a gangaro Buonconvento, inda kogin Arbia ya faɗa cikin Ombrone, a kan tsohuwar hanyar da fatake da masu ziyara suke bi zuwa Roma ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Bayan garin Asciano ne ake cin karo da Monte Sante Marie, kilomita 11 da ɗoriya na tsakuwa da hawa da gangara, inda da yawa suke sauka su tura keke da hannu.

Ba a bar abin ga rana ɗaya ba. An kafa alamomi a kan doguwar hanyar, ta yadda kowa zai iya bin ta a kowane wata da irin keken da ya ga dama, ya raba ta kwana biyu ko uku, ana buga masa hatimi a ɗan littafi a zango-zango. Mai yin haka sai ya kwana, sai ya ci, sai ya yi faci, kuma da wuya ya koma gida bai sayi man zaitun ko cukun tumaki ba. Wannan ciniki na yau da gobe ya fi wa ƙauye amfani bisa cinkoson kwana biyu.

A 2007 aka ƙaro tseren ƙwararru, wanda yanzu ake kira Strade Bianche, ana yin sa a watan Maris, ana gamawa a babban dandalin Siena. Na mata ya fara a 2015. Fabian Cancellara ɗan Suwizalan ya ci sau uku, a 2008 da 2012 da 2016. Tadej Pogačar ɗan Sloveniya ya ci a 2022 da 2024 da 2025, kuma a 2024 tun saura kilomita 81 ya tsere wa kowa shi kaɗai. Duk shekara talabijin yana nuna wa duniya tuddan nan cikin farar ƙura, tallar da babu magajin garin da zai iya biyan kuɗinta.

Amma fa a yi hattara

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ƙura alheri ce a ko'ina. Farar hanya tana cin kuɗi, domin ruwa yana zaizaye ta, sai an riƙa zuba tsakuwa ana gyara. Mai gida a bakinta yana shan ƙura kullum, alhali baƙo na kwana biyu ne. Sannan abin ya yi kyau ne saboda manyan hanyoyin Toskana duk da kwaltarsu, motar kaya da ta marar lafiya ba su dogara da tsakuwa ba. Mai tumatir da ke ruɓewa kafin ya kai kasuwa, kwalta yake bukata, kuma yana da gaskiya.

Abin dubawa a labarin Gaiole shi ne yadda mutanen suka yi lissafin abin da ke hannunsu: tsohuwar hanya, tsohon keke da ɗumame. Babu wanda suka sayo daga waje. Sun dai gano mai so, suka sa masa rana, suka kafa rumfa a bakin hanya.