Jar Fitilar Gashi: Inda Take Amfani da Inda Take Ƙuna

Da hunturu ya shigo Kaduna, gwiwa da ƙugu suka fara damun dattawa, sai kasuwar jar fitilar gashi ta buɗe. Daga Kawo zuwa Tudun Wada za ka ji ana yabonta: wai tana tsinka jini, tana wanke jijiya, tana korar hawan jini da ciwon suga. Masu tallarta a WhatsApp ma sun fi haka cika baki.

Hasken da take fitarwa, wato infrared, ba sabon abu ba ne. Masanin taurari William Herschel ne ya gano shi a 1800, kuma shi ne ɗumin da fata ke ji daga rana ko kaskon garwashi. Ido ba ya ganinsa; jan da ake gani launin gilashin ƙwan ne. Idan ya sauka a jiki sai ya ɗumama fata da ɗan abin da ke ƙarƙashinta, ƙananan hanyoyin jini su buɗe, naman da ya ɗaure ya saki, ciwo ya lafa na ɗan lokaci. Shi ya sa likitocin gashin ƙashi ke amfani da fitilar, galibi minti 15 zuwa 20, kafin su sa majiyyaci motsa gaɓa. Gashi ne mai kyau, amma iyakarsa gashi. Jinin da ya ƙaru a wurin yana komawa yadda yake da zarar fata ta huce, kuma babu ruwan fitilar da sukarin da ke cikin jini.

Mai ciwon suga shi ne abin ji. Idan cutar ta daɗe, jijiyoyin ƙafa sukan mutu, mutum ya riƙa jin kamar ya taka auduga. Irin wannan ƙafa ba ta sanin zafi ya yi yawa. Baba yana zaune kan tabarma da rediyo a kunne, jika ya matso masa da fitila dab da tafin ƙafa don ta fi shiga, sai da safe a ga bororo. A ƙafar mai suga bororo kan zama gyambo, gyambo kuma kan kai ga yankewa. Abin takaici, masu suga ma ana yi musu tallar. A Amurka, tun 2006 hukumar inshorar lafiya ta Medicare ta ƙi biyan kuɗin irin wannan gashi ga mutuwar jijiyar masu suga da gyambonsu, saboda babu gamsasshiyar hujjar yana warkarwa.

Sabon targaɗe mai kumburi kuwa sanyi yake so a kwana biyun farko, ba gashi ba. Ƙwauri ɗaya da ya kumbura yana zafi zai iya zama gudan jini ne a jijiya, wannan na asibiti ne a ranar. Kada a haska cikin mai juna biyu, ko ƙullutun da ba a san kansa ba, ko fatar da aka shafa wa man zafi. Kada a kalli ƙwan, domin yawan wannan haske na kawo yanar ido.

Wanda likita ya amince masa, ya ajiye fitilar nesa da fata kamar kamu ɗaya ko fiye, ya tsaya a ɗumi mai daɗi, kuma kada barci ya ɗauke shi a gabanta. Kafin a saya a nemi lambar rajistar NAFDAC a jikin kwali. Masu aikin gashin ƙashi kuwa suna da hukumarsu ta ƙasa, MRTB, don haka babu rashin kunya ka nemi ganin lasisin mai shirin gasa maka baya. Ciwon da ya haura mako biyu, ko ya zo da zazzaɓi, rama ko sagewar ƙafa, a kai shi Asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho a duba tushensa, kuma a ci gaba da shan maganin hawan jini da na suga yadda aka rubuta.