Garken Shanun da Ba Su Taɓa Cin Ciyawa Ba

Shirinmu na musamman a yau zai kai mu birnin Stoke-on-Trent da ke ƙasar Ingila, inda wani gidan tarihi ke tsare da garken shanu har 667, kuma babu wadda ta taɓa yin kuka a cikinsu.

Shanun tangaran ne, kowacce tana iya zama a tafin hannu biyu. Aikinsu zuba madara a shayi. An huda gadon bayan saniyar, an yi mata ɗan murfi, nan ake ɗura madarar. Jelarta ta lanƙwaso ta zama mariƙi. Da ka karkata ta, sai madara ta ɓulɓulo ta baki. Ta baki fa, jama'a, ba ta hantsa ba!

Abin ya fara tashe ne a gidajen masu hannu da shuni. Wani maƙerin azurfa mai suna John Schuppe, wanda ya yi rajistar tambarinsa a Landan a 1753, shi ya yi suna da ƙera irin waɗannan shanu, har yakan ɗora ɗan ƙuda a kan murfin, kamar yadda ƙuda ke bin saniya ta gaske. Maginan tangaran na yankin Staffordshire suka ga kasuwa, suka kwaikwaya da yumɓu, sai mai ƙaramin ƙarfi ma ya samu tasa. Daga baya masana'antun Yorkshire da Sunderland suka bi sahu. Garken da muka ambata kuwa, wata mata ce, Gabrielle Keiller, ta yi shekaru tana tarawa, ta miƙa wa gidan tarihin kyauta a 1962.

To, ga inda gizo ke saƙa. Yawancin shanun nan babu tambarin wanda ya yi su. Saboda haka gwanin wannan harka ba ya ruɗuwa da kyan fuska. Kifa saniyar yake yi, ya duba ƙasan faifan da take tsaye a kai. Yana neman inda ruwan ƙyallin da aka shafa mata ya taru a lungu. In ya ga shuɗi-shuɗi, ya san tangaran ne irin wanda ya yi tashe daga wajejen 1780 zuwa farkon ƙarni na 19. In kuwa ruwan ɗorawa ne ko kore-kore, to farar ƙasa ce mai launin kindirmo, wadda ta ɗan girme shi. Masu dabbare-dabbaren ruwan ƙasa da kore kamar bayan kunkuru akan jingina su ga salon wani maginin tangaran mai suna Thomas Whieldon, amma salo kawai ake nufi, don magina da dama sun yi irinsa. Baƙaƙe wuluk masu zanen ruwan zinariya, waɗannan 'yan baya-baya ne, na zamanin Sarauniya Biktoriya, kuma sun yi yawa har ba su da wani tsada.

Sai batun rauni. Abin da ya shekara ɗari biyu yana yawo tsakanin tebur da wurin wanke-wanke, ina zai tsira da ƙaho da kunne? Ni dai in aka kawo mini wadda ba ta da ko ƙwarzane, hankalina ba zai kwanta ba. Ana haska ta da fitila mai hasken shuɗi ta musamman, wurin da aka liƙe ya fito daban. Wasu masu saye ma haƙori suke ɗan taɓa ƙahon da shi: tsohon tangaran yana da tauri da sanyi, gyaran zamani kuwa laushi gare shi kamar roba. Murfi shi ne ya fi ɓata, don haka a duba ko launinsa ya dace da na bayan, ko kuwa aro aka yi daga wata saniyar.

Kuma kada wanda ya saya ya ce zai sha shayi da ita. Hannu ba ya shiga cikinta, soso ba ya kaiwa maƙogwaronta, madara takan maƙale ta yi tsami a can ciki. A kabad mai gilashi ake ajiye ta, nesa da hannun yara.