Yaƙe-yaƙen Sarki Dawuda da Faɗaɗar Mulkin Isra'ila

Karatunmu na yau yana cikin 2 Sama'ila sura 8 da sura 10, tare da 1 Tarihi sura 18. Da yawa cikinmu sukan tsallake waɗannan surori don sunaye masu wuyar faɗi sun cika su. Amma in mun tsallake su, ba za mu gane yadda ƙaramar al'umma ta makiyaya da manoma ta zama mulki mai karɓar haraji ba.

Dawuda ya hau sarauta wajen shekara 1000 kafin haihuwar Almasihu. Ya yi shekara bakwai da wata shida a Hebron, sa'an nan ya ƙwace Urushalima daga hannun Yebusiyawa ya maishe ta babban birninsa. A wannan zamani Masar da Assuriya, manyan dauloli biyu, ƙarfinsu ya ragu ƙwarai. Wannan ya ba ƙananan sarakuna sarari, Ubangiji kuwa ya yi amfani da shi domin alkawarin ƙasa da ya yi wa Ibrahim a Farawa sura 15.

Da Filistiyawa ya fara, waɗanda Saul ya mutu a yaƙi da su a Dutsen Gilbowa. Bayansu sai Mowab. A nan zuciya takan yi nauyi. Rut, kakar mahaifin Dawuda, mutuniyar Mowab ce, kuma a wurin sarkin Mowab Dawuda ya ajiye iyayensa sa'ad da yake gudun Saul. Duk da haka ya sa aka kwantar da kamammun a ƙasa, aka auna su da igiya, aka kashe kashi biyu, aka bar kashi ɗaya. Marubucin bai ɓoye wannan ba, bai kuwa yaba masa ba. Tarihi yake ba mu, kada kowa ya ɗauke shi a kan izinin ɗaukar fansa.

Yaƙin arewa ya fi duka girma. Hadadezer sarkin Zoba ya nufi Kogin Yufiretis, Dawuda ya ci shi, ya kama sojojin ƙafa 20,000. Suriyawan Dimashƙu suka zo taimako, aka kashe 22,000 daga cikinsu. Mu lura da abin da Dawuda ya yi da dawakan: ya datse agararsu, ya bar na karusa ɗari kaɗai. Karusa ba su da amfani sosai a tuddan Yahuza, gaskiya ne. Amma akwai kuma dokar Maimaitawar Shari'a sura 17, wadda ta hana sarkin Isra'ila tara dawakai. Toyi sarkin Hamat bai jira yaƙi ba, ya aiko ɗansa da kyautar azurfa, da zinariya, da tagulla.

Ammonawa kuwa su suka jawo wa kansu. Dawuda ya aika manzanni ta'aziyya, sai sabon sarki Hanun ya aske rabin gemunsu, ya yanke rigunansu. Birninsu Rabba, inda Amman babban birnin Jodan yake a yau, ya faɗi daga baya. Da aka ci Edom a Kwarin Gishiri, hanyar fatake daga Dimashƙu zuwa Jan Teku ta shiga hannun Isra'ila.

Ina ganimar ta tafi? Dawuda ya keɓe ta ga Ubangiji, da tagullar Hadadezer ne Sulemanu ya ƙera ginshiƙai da babbar kwatarniya ta Haikali. Shi kansa Dawuda an hana shi ginin, domin ya zubar da jini da yawa, kamar yadda 1 Tarihi sura 22 ta nuna.

Mulkin bai daɗe da wannan faɗi ba. Tun Sulemanu yana da rai Rezon ya kama Dimashƙu, Mowab ta tayar bayan mutuwar Ahab, Edom ma ta ɓalle a zamanin Yehoram. A shekara ta 1993 masu tonon kufai suka sami wani dutse a Tel Dan, mai rubutun wani sarkin Suriya da ya ambaci gidan Dawuda.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu shiga sura 11, inda Yowab ya kewaye Rabba da yaƙi, sarki kuwa ya zauna a gida.