KEKE YA KOMA BAKIN AIKINSA A ƘASAR KATAGUM

Duk wanda ya yi sammako ya tsaya a bakin garin Gololo, cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa ta Jihar Bauci, zai ga abin da mutane da yawa suka zaci ya wuce tun tuni. Kafin rana ta ɗaga, sai ga masu kekuna suna ɓullowa daga hanyoyin ƙauyuka, wani ya ɗaure buhun gero a kariya, wani jarkokin ruwa, wani kuwa ɗan makaranta ne ya goyo ƙanensa. Keken da aka jingine a zaure shekara da shekaru, yau an kaɗe masa ƙura, an sa masa mai, ya koma bakin aikinsa.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Ran 29 ga watan Mayu, 1983 da wasu shekaru arba'in daidai, watau 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Da mai ya tashi, sai kuɗin acaɓa da na mota suka bi shi. Manomin da zai kai kwano goma na wake kasuwa ya duba ya ga kuɗin hawa zai cinye ribar, sai ya tuna da dokin ƙarfensa, wanda ba ya shan mai, ba ya cin harawa.

ƘASA SHIMFIƊAƊƊIYA

Allah ya yi ƙasar Katagum a shimfiɗe. Daga Azare, inda fadar Sarkin Katagum take, har zuwa Gamawa da Udubo da Gololo, ta wajen iyakar Jihar Yobe, mutum zai yi tafiya mai nisa bai gamu da dutse ko hawa mai wuya ba, sai gonakin gero da dawa da wake da riɗi, da kuka da aduwa jefi-jefi. Ga mai keke wannan babbar rahama ce, domin ƙarfin da zai ɓata wajen hawan tudu sai ya mai da shi ga ɗaukar kaya.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Hanyoyin wannan yanki iri uku ne, kowace da halinta. Akwai ta kwalta, wadda manyan motoci suka mamaye, mai keke sai dai ya raɓa gefe yana addu'a. Akwai ta burji, wadda aka zuba wa marmara aka daddale. Ita ce abokiyar mai keke idan tana da gyara, in kuwa aka bar ta, sai ta yi gargada har haƙoran mutum su riƙa haɗuwa. Ta uku ita ce turbar ƙafa da amalanke, wadda take ratsa jigawa. A nan da rani rairayi yakan kama taya, dole mutum ya sauka ya tura, da damina kuma lakar fadama ta cushe tsakanin taya da birki. Ga tsidau da ƙayar aduwa suna jiran tib, abin da ya sa da wuya a sami kasuwar ƙauye wadda ba mai faci a gindin wata bishiya, da famfonsa da sholisho da kwanon ruwa.

Masu bin hanyoyin nan sun san dabarunsu. Sukan fita da asuba, lokacin da raɓa ta kwantar da rairayi, rana kuma ba ta yi zafi ba. Sukan rage wa taya iska kaɗan in za su ratsa yashi, don ta baje ta daina nutsewa. Sukan bi sawun da dabbobi suka tattake, su guji tsakiyar hanya inda amalanke ya tone.

JIYA DA YAU

A zamanin En'e, keke abin alfarma ne. Malamin makaranta, da malamin asibiti, da malamin gona, duk da shi suke zaga ƙauyuka, har lasin ake yankar masa. Saurayin da ya sayar da gyaɗa ya sayi Raleigh, ya ƙawata shi da madubi da ƙararrawa, ya gama fita kunya a dandali. Kamfanin Raleigh na Ingila har ya kafa masana'antar haɗa kekuna a Kano, daga baya kuma Phoenix na ƙasar Sin ya shigo da sauƙin kuɗi. Darajar keke ta fara raguwa bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, sa'ad da ma'aikata suka koma kan babur. Da baburan Sin da Indiya masu araha suka cika kasuwa bayan shekarar 2000, sai aka mai da keke abin hawan yara da marasa hali. Ko a 2001, da Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi kira ga jama'a su koma hawan keke, har shi da kansa ya hau a Abuja, dariya mutane suka yi masa.

Abin mamaki, irin hanyar da mutumin Gololo yake bi don tilas, ita ce Turawa suke nema da kuɗinsu. A garin Emporia na Jihar Kansas ta Amurka, an fara wani tseren kekuna a kan hanyoyin tsakuwa a 2006 da mutum 34, tafiyar mil 200, watau wajen kilomita 320. Yau dubban mutane ne suke zuwa. A 2022 aka yi gasar duniya ta farko ta irin wannan tsere a Italiya. Kekunan da suke hawa kuwa an yi musu taya mai faɗin wajen milimita 40, kusan daidai da ta tsohon keken da kakanninmu suka sani, mai inci ɗaya da rabi. Abin da ya fitar da su daga kwalta shi ne tsoron motoci da neman iska mai kyau. Bambancin kawai, su in sun gaji mota tana jiransu, shi kuwa manomi buhu yana jiransa.

INA GIZO YAKE SAƘA?

Shimfiɗuwar da ta taimaki mai keke ita ce kuma take kashe hanya. Inda ba gangare, ruwan sama ba ya gudu, sai ya kwanta ya jiƙa burji har ya narke. Hanyar burji ba ta daɗewa sai an yi mata doro a tsakiya don ruwa ya zurare gefe, an haƙa mata lambatu, an sa kwalbati a duk inda ruwa yake ratsawa, sa'an nan gireda ta bi ta kowace shekara bayan ɗaukewar damina. In aka rasa ɗaya daga cikin waɗannan, damina biyu ta isa ta mai da ita kwazazzabo. Ambaliyar 2022 ta nuna haka a Gamawa da Zaki, inda ruwa ya ci gonaki ya yanke hanyoyi. A watan Agusta na 2024 kuma ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri kanta a cikin ƙasar Katagum. To, in kwalta ta sha wannan, ina ga burji?

Gwamnatoci sun sha gwadawa. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar DFRRI, wadda ta buɗe hanyoyin karkara masu yawa, amma da aka rushe ta, yawancinsu suka lalace don rashin mai kula. A 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, Jihar Bauci kuwa tana cikin jihohin da aka sa. Darasin da DFRRI ta bari shi ne, gina hanya ba shi ne wuya ba, riƙe ta.

Maganar ta wuce ta buhun gero. Hanyar da keke ya kasa bi, babur ma da ƙyar zai bi, balle motar da za ta ɗauki mai naƙuda zuwa asibiti a Gamawa ko Azare. Don haka ya kamata ƙananan hukumomi su keɓe kuɗin gireda da kwalbati a kasafinsu na kowace shekara, dagatai da masu unguwanni su farfaɗo da aikin gayya na cike ramuka da yashe lambatu kafin ruwan fari, direbobi kuma su tuna mai keke yana da haƙƙi a kan titi. Shi ma mai keke ya gyara birkinsa, ya sa fitila in zai yi dare. Allah ya kai kowa gida lafiya.