Ɗalibin da ya sauya jami'a: wa zai tambaye shi inda ya tsaya?

Duk wanda ya yi karatun zaure a cikin birnin Kano ya san wata al'ada ta malamanmu. Idan ɗalibi ya baro wani malami ya zo gaban wani, ko a Madabo ko a wata unguwa, ba a buɗa masa littafi sai an tambaye shi inda ya tsaya. Ya sauke Ahalari da Ishmawi? Ina ya kai a Risala? Sau da yawa malam kan sa shi ya biya, ya ji da kunnensa, sannan ya ɗora masa.

Wannan al'ada ta faɗo mini a rai bayan yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, aka kwaso ɗalibanmu zuwa gida. Cikinsu har da ɗiyar yayata da muke zaune tare a Yakasai, wadda ta yi shekara uku tana karatu a Khartoum. Hukumar JAMB ta buɗe hanyar karɓar irinsu bisa sharaɗin kawo takardar sakamako, tare da tunatarwa cewa ba a ba da digiri ga wanda bai shekara biyu a jami'ar ba. Yarinya ta sami gurbi a wata jami'a, aka yi murna, har da sadakar waina.

Ashe da sauran rina a kaba. Malamin da aka ɗora wa kula da ajinsu a tsaye ya sa mata hannu a takardar rajista, ɗalibai sun yi masa rumfa. Ba wanda ya zauna ya gwada abin da ta karanto da manhajar sashen. Ta maimaita kwasa-kwasan da ta riga ta ci, ta bar wani na aji ɗaya wanda sai da shi ake wucewa gaba. Shekara guda ta salwanta.

Ban ɗora wa malamin laifin duka ba. Ga koyarwa, ga tulin takardun jarrabawa, shawarar kuma ƙari ce aka lanƙaya masa. Amma masu sauya jami'a, da masu shigowa aji biyu da NCE ko difloma, ba su da yawan da sashe zai kasa ware musu zama guda kafin rajista. A zaman nan a rubuta kwasa-kwasan da aka yafe da waɗanda ake bin ɗalibi bashi, shugaban sashe ya sa hannu, ɗalibi ya riƙe kwafinsa.

Irin wannan takarda ɗiyata ta samu daga baya, shafi ɗaya tal, bayan na raka ta ofis sau uku.