Kafin A Sayi Hannun Jari Ta Waya: Yadda Ake Karanta Zanen Farashi

A watan Disamba na 2023 kasuwar hannun jari ta Libiya, wadda aka kafa a 2006, ta koma aiki a Tarabulus bayan ta yi fiye da shekara tara a rufe. Amma yau matashin da ke Sabha ko Kano ko Maraɗi yana ganin kasuwannin duniya a wayarsa. Don haka muka ga ya dace mu yi bayani, tun da gumin mutane ne ke shiga ciki.

Manhajojin nan suna zana farashi da siffar kyandir. Kowane kyandir yana nuna abu huɗu: farashin buɗewa, na rufewa, mafi tsada da mafi araha. Galibi kore alamar tashi ce, ja kuma faɗuwa. Sandunan da ke ƙasa su ne yawan abin da aka saya aka sayar. Mutum zai iya duba cinikin minti ɗaya, ko na shekara goma.

Sai dai zanen labarin jiya yake bayarwa, ba ya sanin gobe, kuma ba ya faɗin sana'ar kamfani ko bashin da ke kansa.

Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta sa ma'auni: asalin sana'ar ta zama halal, bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfanin a kasuwa, ajiya mai ruwa ma haka, kuɗin shiga na haram kada ya wuce kashi 5, kuma a fitar da shi sadaka. Wasu malamai ba su yarda da ko wannan sassaucin ba. A Najeriya, tun 2012 akwai jerin Lotus na kamfanonin da aka tace a kasuwar Legas.

Nasiharmu ga ɗalibanmu masu koyon ƙera manhaja: ku sa waɗannan alƙaluma kusa da farashi, tare da ranar da aka tace su, domin bashin kamfani yana canzawa.

Kai kuma mai saye, ka tambaya: mallakar wani yanki na kamfani ake sayar maka, ko yarjejeniyar cin bambancin farashi kawai? Ta biyun caca ce, kuma sau da yawa ana cajin ruwa a kanta kowane dare.

Allah Ya azurta mu da halal. Wallahu a'alam.