Wuƙar Aljihu da Tarin Dokokin Amurka

Ranar 12 ga Afrilu 2015 'yan sandan birnin Baltimore, a jihar Maryland ta Amurka, suka kama wani saurayi baƙar fata mai shekara 25, sunansa Freddie Gray. Abin da suka rubuta a takardar tuhuma shi ne sun same shi da haramtacciyar wuƙa maƙale a aljihun wandonsa. Aka saka shi a bayan motar 'yan sanda, aka sauke shi da mummunan rauni a laka, bayan mako guda ya cika. Gari ya rikice da zanga-zanga da ƙone-ƙone. Ranar 1 ga Mayu mai gabatar da ƙara ta birnin, Marilyn Mosby, ta tsaya gaban 'yan jarida ta ce za ta gurfanar da 'yan sanda shida, kuma cikin hujjojinta har da cewa wuƙar nan halas ce a dokar jihar Maryland, saboda haka tun farko babu dalilin kama shi. Lauyoyin 'yan sandan suka ce a'a, a buɗe kundin dokokin birnin Baltimore, shi ya haramta wuƙa mai sifirin. Wuƙar dai ƙarama ce, irin mai naɗewa, wadda sai ka ɗan tura ruwanta da babban yatsa sannan sifirin ya ƙarasa buɗe ta. An yi shari'o'in an gama ba a samu ko ɗaya daga cikin 'yan sandan da laifi ba. Abin da ya shafi wannan rubutu shi ne, lauyoyin gari ɗaya, kowa da karatunsa, sun kasa haɗuwa a kan ko wuƙa guda ɗaya halas ce ko haram.

Tushen rikicin yana cikin tsarin mulkin ƙasar. Gyara na goma, wanda aka yi a 1791, ya ce duk ikon da ba a miƙa wa gwamnatin tarayya ba, na jihohi ne ko na jama'a. Yawancin dokokin laifuka na yau da kullum suna cikin wannan kaso, don haka kowace jiha daga cikin hamsin ɗin tana da kundinta. Ɗan Najeriya ba zai yi mamaki sosai ba, tunda ya san Arewa da dokar final kod take aiki, Kudu kuma da nata kundin. Sai dai na Amurka ya zarce nan. A ƙarƙashin jihohin akwai gundumomi sama da 3,000 da birane da garuruwa masu majalisa sama da 19,000, kuma da yawa daga cikinsu jiha ta sakar musu mara su ƙara tasu dokar a kan tata. Mutum zai iya tashi daga gida da wuƙar aikinsa a aljihu yana cikin halas, ya tuƙa mota na minti ashirin, ya tsallaka iyakar da ko allo babu, ya zama mai laifi.

Rabon gwamnatin tarayya a nan ɗan kaɗan ne. Babbar dokarta ita ce ta 1958, wadda Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu, ta hana shigo da wuƙa mai maɓalli daga ƙasashen waje da cinikinta tsakanin jiha da jiha. Wuƙa mai maɓalli ita ce wadda da ka danna, ruwanta zai yi tsalle ya fito da kansa. Dokar ta keɓe sojoji, ta kuma keɓe mai hannu ɗaya muddin ruwan wuƙarsa bai wuce inci 3 ba, wanda ke nuna ko masu dokar sun san abin yana da amfani ban da faɗa. A 2009 aka yi mata gyara aka fitar da irin wuƙar da aka samu a jikin Gray daga cikin haramcin. Akwai kuma dokar gine-ginen tarayya, wadda ba ta ɗaukar wuƙar aljihu mai ƙasa da inci 2 da rabi a matsayin makami, ko da yake mai gadin ƙofa yana iya mayar da kai da ita. Jirgin sama kuwa tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 ba a shiga da wuƙa a jakar hannu. Hukumar binciken filayen jirage ta so ta sassauta wa ƙananan wuƙaƙe a 2013, ma'aikatan cikin jirgi suka yi ca a kanta, ta janye.

Idan ka bi tarihin dokokin jihohi za ka ga kusan kowace an haife ta ne a lokacin wani firgici. A 1827 wani mutum mai suna Jim Bowie ya yi wani shahararren faɗa a kan tsibirin yashi na kogin Mississippi, kusa da garin Natchez, ya kashe abokin gabarsa da wani barho duk da harbi da sara da ya sha. Barhon ya ɗauki sunansa, kowa ya so ya mallaki irinsa, aka riƙa zubar da jini a mashaya har da zauren majalisa. Kafin shekara goma sha biyu jihohin kudu sun tashi: Alabama ta ɗora masa haraji mai nauyi a 1837, Tennessee ta hana sayar da shi a 1838. Firgici na biyu ya zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da wuƙaƙe masu maɓalli 'yan Italiya suka cika kasuwa. Mujallu suka riƙa kururuta su, finafinai irin su Rebel Without a Cause na 1955 suka liƙa su a hannun 'yan daba, jihar New York ta haramta su a 1954, saura suka bi sahu. Shi ya sa har yau za ka tarar doka ta lissafa sunayen wuƙaƙen da rabon a ga irinsu a titi tun zamanin kakanni, ba tare da ta fayyace me sunan yake nufi ba. Fassarar sai ta koma hannun ɗan sanda da alƙali.

Babu inda wannan ya yi ɓarna kamar birnin New York. A 1958 jihar ta haramta wata wuƙa da sojojin laima na Jamus suka riƙe a lokacin yaƙi, wadda ruwanta ke zamowa daga cikin ƙota da nauyin kansa idan ka karkata ta ƙasa. Dokar ta ce duk wuƙar da ke buɗewa da nauyinta ko da ƙarfin wurgawa, ta kuma kulle, ta shiga ciki. Irin ta Jamusawan ta ɓace daga kasuwa, amma kalmomin suka zauna. Sai 'yan sandan birnin suka ɓullo da wani gwaji: ɗan sanda ya hango ɗan ƙarfen maƙalawa a bakin aljihunka, ya tsayar da kai, ya zare wuƙar, ya riƙe ƙotar ya fizga wuyan hannunsa da ƙarfi. Idan ruwan ya fito ya kulle, ko da a gwaji na uku ko na biyar ne, ka shiga hannu. To wuƙar naɗewa da ta sha aiki, kusoshinta sun saki, wace ce ba za ta buɗe ba a hannun ƙato? Waɗanda aka riƙa kamawa kafintoci ne da masu aikin famfo da masu ɗaukar kaya a sito da masu haɗa dandalin wasan kwaikwayo, da wuƙaƙen da suka saya a fili a shagunan kayan gini na birnin. Jaridar Village Voice ta ƙiyasta a 2014 cewa an tuhumi mutane kusan 60,000 cikin shekara goma, mafi yawansu baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka. Wanda kuma yake da tsohon laifi a kansa, tuhumar takan rikiɗe ta zama babba mai kai mutum kurkuku na shekaru.

Majalisar jihar ta zartar da gyara a 2016 da 2017, Gwamna Andrew Cuomo ya hau kujerar na-ƙi duka biyun. Sai a watan Maris 2019 wani alƙalin tarayya, Paul Crotty, ya yanke hukunci a ƙarar wani mai dafa abinci cewa dokar ta yi duhu da yawa, tunda babu yadda mutum zai san ko wuƙarsa halas ce sai ranar da wani ɗan sanda ya gwada ƙarfin hannunsa a kanta. Ƙarshen watan Mayu na shekarar Cuomo ya sa hannu aka soke haramcin. Amma kada mai karatu ya ɗauka an gama. Dokar birnin, wadda daban take da ta jihar, tana nan daram: ba a yawo da wuƙa mai inci 4 ko fiye, wato kimanin santimita 10, kuma kowace iri ce ba a barinta a bayyane, ko da ɗan ƙarfen nan na bakin aljihu ne kawai ake gani.

A Kalifoniya lissafin ya juye. Jihar ba ta damu da tsawon wuƙar kube ba, abin da ta hana shi ne ɓoye ta. Ka rataya ta a ƙugu cikin kubenta kowa yana gani, babu laifi. Ka saki riga ta rufe ta, ka aikata laifin da ake iya kai wa ga ɗauri. Wuƙar naɗewa kuwa kana iya jefa ta aljihu muddin a naɗe take, mai maɓalli kuma ba a yarda da ita ba idan ta kai inci 2. To sai ga birnin Los Angeles da tasa dokar, wadda ta hana fito da wuƙa mai inci 3 ko fiye a bainar jama'a, in ba don sana'a ko addini ko wani halastaccen nishaɗi ba. Mai doguwar wuƙar kube a wannan birni ya shiga gaba kura baya sayaki: jiha ta ce kada ya ɓoye, birni ya ce kada ya nuna. Shikago da Boston su kuma a inci 2 da rabi suka ja layinsu.

Tun wajen 2010 iska ta fara kaɗawa ta wata fuskar, galibi saboda matsin lambar wata ƙungiya mai suna Knife Rights da Doug Ritter ya kafa a 2006. A shekarar 2010 New Hampshire ta soke haramcin wuƙa mai maɓalli, Arizona kuma ta zama ta farko da ta yi dokar da ta ɗaure hannun birane: abin da jiha ta faɗa a kan wuƙa shi ne magana, babu majalisar garin da za ta ƙara. A ganina wannan ita ce gyara mafi amfani ga talaka, ko mutum yana son sassauci ko yana son tsanani, domin aƙalla littafi ɗaya zai karanta. Teksas ta yi irin wannan a 2015, abin da ya kashe wata tsohuwar dokar birnin San Antonio da ta hana ƙananan wuƙaƙe masu kullewa. A ranar 1 ga Satumba 2017 jihar ta ƙara gaba, ta halasta wa baligi yawo da barhon Bowie, har da adda da takobi. Ana cikin muhawarar ne aka daɓa wa wani ɗalibi wuƙa ya mutu a Jami'ar Teksas da ke Austin, sai aka sa sharaɗi a wancan lokaci: duk abin da ruwansa ya wuce inci 5 da rabi ba ya shiga makaranta, ko kotu, ko rumfar zaɓe, ko mashaya, ko asibiti, ko wurin ibada.

Kotuna ma sun shigo. Gyara na biyu na tsarin mulki ya ba jama'a haƙƙin riƙe makamai, kuma bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 a shari'ar Bruen, wanda ya ce sai gwamnati ta nuna dokar makami tana da asali a tarihin ƙasar kafin ta tsaya, lauyoyi suka fara tambaya ko wuƙa ma makami ce a wannan ma'ana. A watan Agusta 2024 babbar kotun Massachusetts ta ce e, ta rushe haramcin yawo da wuƙa mai maɓalli a jihar. Ta fuskar addini kuwa, mabiya Sikh waɗanda ɗaukar wata 'yar wuƙa mai suna kirpan farilla ce a gare su sun sha zuwa kotu. A 1995 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yarda wasu yara a Kalifoniya su je makaranta da tasu, bisa sharaɗin a dakushe ta, a ɗinke ta cikin kube, a sa ta ƙarƙashin tufafi.

Bayan nau'i da tsawo da yadda aka ɗauka da wurin da aka je, akwai abu na biyar da ba a aunawa da inci, wato niyya. Jihohi da dama suna hukunta wanda ya ɗauki kowace irin wuƙa da nufin amfani da ita a kan wani, kuma sau da yawa bakin mutum ne yake ba da shaidar. Ɗan sanda ya tambaya, me kake yi da wannan? Wanda ya ce da ita yake yanka kwali a wurin aiki ya kira ta kayan aiki. Wanda ya ce don kare kai ya riƙe ta, a wuri irin New York, ya kira ta makami da bakinsa, kuma za a rubuta. Lauyoyin can sukan shawarci mutum ya taƙaita magana, kada ya yi gardama ko kokawa, ya nemi lauya.

Wannan ya shafi namu da ke can, mazauna Bronx da Houston da sauran garuruwa, mahauci ne ko mai gasa tsire ko magidancin da ya wasa wuƙa zai tafi gonar da ake yanka ragon layya. Kafin ka fita, nemi dokar jihar a shafinta na intanet, sannan ka nemi ta birnin da za ka da na garuruwan da za ka ratsa, ka kuma duba shekarar da aka buga abin da kake karantawa, don dokokin nan suna sauyawa kusan kowace shekara. Auna ruwan wuƙar tun daga tsini har inda ya shiga ƙota. Babbar wuƙa a naɗe ta a tsumma ko kwali, a sa ta cikin akwatin kayan aiki a but ɗin mota, kada ta kwana a ƙugu ko a ƙarƙashin kujerar direba. In kuwa a New York kake kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa za ka hau, ka bar ta a gida, domin hukumar jiragen ita ma tana da nata ƙa'idojin a kan makamai ban da na jiha da na birni.